Malamin Wata Huɗu

A masallacin layinmu da ke Kado, akwai lokacin da ake kirana Injiniya. Ni kuwa akanta ne, shekara talatin da 'yan kai ina lissafin kuɗin gwamnati har na ajiye aiki, ko ƙusa ban iya bugawa ta shiga a miƙe ba. Abin da ya jawo mini wannan sarauta taɓaryar dakan yaji ce guda uku da muciya biyu da na yi da hannuna, na kai majalisa bayan La'asar ana ta shafawa ana cewa kamar daga kanti. Da na ce a daina kirana haka, da an huta. Ban ce ba. Sunan ya yi mini daɗi, har ta kai idan aka kira ni da sunana na yanka sai in ji kamar an rage mini matsayi.

Asalin abin zaman banza ne. Wanda ya saba fita ƙarfe bakwai, ranar da aka ce ya zauna gida sai yini ya yi masa tsawo. In zagaya bakin tafkin Jabi da safe, in biya kasuwar kifi ta Kado in taya tarwaɗar da ba a aike ni ba, in dawo in tarar azahar da sauranta. A wannan hali na faɗa kallon masu juya katako a YouTube. Ga wanda bai taɓa gani ba, inji ne da ake ɗaura guntun itace a jikinsa ya riƙa juya shi kamar mazari, kai kuma ka kara masa cizal. Wurin masassaƙanmu na gargajiya itacen ke zaune, gizago ke tafiya. A nan cizal ke zaune, itacen ke zuwa ya same shi. Sana'ar ta daɗe. A kabarin Petosiris da ke Tuna el-Gebel a Masar, na wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, akwai zanen mutum biyu, ɗaya yana jan igiya yana juya itace, ɗaya yana riƙe da ƙarfen yanka. A bidiyo dai abin kamar ferayar doya: minti goma, kututture ya zama kwano, mai shi ko gumi bai yi ba.

Na bi tambaya har kasuwar kujeru ta Kugbo, a kan hanyar Nyanya, na samu wani dattijo da ke juya ƙafafun gado da na tebur da sandunan matakalar bene. Kowa Baba yake ce masa. Na ce, "Baba, koyo na zo, kuma zan biya." Ya dubi takalmina, ya dubi agogona, ya dubi hannun kaftanina.

"Alhaji, wannan injin bai san babba ba. Cire agogo. Asabar mai zuwa ka zo da 'yar shara, in ya kama hannun rigar nan har kai zai naɗe."

Ya miƙo mini guntun malaina mai kaurin inci biyu, tsawonsa ƙafa ɗaya, ya ce in fitar da ƙotar cizal. Asabar ta biyu, ƙota. Ta uku, ƙota. Abin da yake nanatawa bai wuce a ƙirga da yatsu ba: kafin ka kunna, ɗaga murfi ka dubi bel, juya itacen da hannu ka ga ba ya taɓa komai, kauce daga saitinsa sannan ka danna makunni, kwantar da cizal a kan madogarinsa, ka bari bayan bakin ya fara shafar itacen, sannan ka ɗaga hannu a hankali har yankan ya kama. Sau uku ina roƙonsa ya bar ni in gwada akushi. Amsarsa ɗaya: "Akushi yana nan, ba ya gudu."

Halin akanta, ina ƙirgawa. A wata huɗu na yi ƙota 43. Da na haɗa wannan da kuɗin da nake biya duk wata, sai lissafina ya ba ni cewa tsohon nan jan lokaci yake yi don aljihuna. Kowa ya taɓa zama a gaban malami ya san wannan waswasi. Na yi masa godiya, na daina zuwa, na sayi tsohon inji na hannu na kafa a garejin gidana.

Dole in tsaya a kan injin nan kaɗan, don a nan maganar take. Ba shi da maɓallin ƙara gudu ko ragewa. A ƙarƙashin wani murfin ƙarfe akwai fuli mai matakai huɗu, sai ka kashe inji ka ɗaga murfin ka matsar da bel da hannu. Matakin ƙasa yana ba da juyi wajen 500 a minti ɗaya, na sama 2,000. Siririn abu kamar muciya yana son gudu. Ƙaton abu yana son a bi shi a hankali, domin ko da juyin ɗaya ne, gefen ƙaton itace ya fi na siriri cin tafiya nesa ba kusa ba. Wani tsohon malamin sana'ar a Amurka, Dale Nish, ya bar wa masu koyo lissafi mai sauƙi: faɗin itacen a inci, idan aka ninka da yawan juyi a minti, amsar ta tsaya tsakanin 6,000 da 9,000. Na san wannan lissafi. Har na rubuta shi da alli a bangon garejin, don masu leƙowa su san da ilimi nake aiki.

Taɓarya da muciya suka fito, suna ya biyo baya. Har na yi wani ɗan kwano mai faɗin inci shida da busasshen itacen mangwaro, bai fashe ba. Sa'a ce kawai, ni kuma na karɓe ta a matsayin gwaninta.

Ana nan sai Yayata ta turo mini ɗanta daga Zariya, yaro ɗan shekara 17, ya gama sakandare yana jiran samun gurbin jami'a. Ta ce in riƙe shi kada zaman gida ya lalata shi. Yaro ne mai shiru, irin wanda in ka ce ya shiga wuta zai tambaye ka ta wace ƙofa. Kwana biyu yana tsayawa a bakin gareji yana kallona, ran na uku ya ce, "Kawu, ko za ka koya mini?" Na ji wani sanyi har cikin ƙirjina. Wata huɗu ina ɗalibi, yau ga ni malami.

A daren na yanke shawarar da ta haifi duk abin da ya biyo baya. Na ce ni ba zan azabtar da yaro da ƙota ba kamar yadda aka yi mini. Akushi zai fara da shi, babba, na tuwon mutum huɗu, ya kai wa uwarsa tsaraba. Haka na faɗa wa maiɗakina, haka na faɗa wa kaina. Gaskiyar kuwa, tun kafin mu sayi itacen na riga na hango kaina a majalisa, akushi a hannu, ina cewa, "Wannan ai yarona ne ya yi, kwana uku kacal da fara koyo a wurina."

Muka kama titin Kubwa zuwa kasuwar katako ta Dei-Dei. Na so madobiya saboda launinta, amma ta yi wuya ta yi tsada. An sare ta an kwashe zuwa Sin daga dazukan Taraba da maƙwabta, har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa cinikinsu ido tun 2017. Na koma kan maɗaci. Na ga wani guntu mai kyan ja, faɗinsa inci 12, kaurinsa huɗu, nauyinsa ya haura kilo biyar. Mai katakon, Allah ya saka masa, ya juya shi ya nuna mini wani siririn tsagu da ya taso daga cibiyar itacen. Ya ce bai gama bushewa ba, ga hunturu, tsagun zai ci gaba. Na ce masa ya bar wannan a hannun masana. Da muka dawo na kwaɓa gam da dusar katako na cusa a tsagun, na goge da samfefa har ya ɓace wa ido. Na tuna ina jin daɗin dabarata. Tsagu yana nan daram a ciki, ni dai na daina ganinsa.

Daren jajibirin darasin na tsaya ina ƙarasa wata muciya da maƙwabciyarmu ta roƙa. Na mayar da bel matakin sama don ta yi santsi, na gama, na kashe wuta, na je na kwanta.

Da safe na ɗaure guntun maɗacin a faifan ƙarfen injin da 'yan sukurori huɗu gajeru, su na samu a gwangwani. Na zaɓar wa yaron cizal mafi girma a cikin kayana, mai faɗin kwarmi, wanda nake fara rage kusurwar ƙota da shi. A tunanina ƙaton aiki sai ƙaton ƙarfe. Garkuwar fuska ɗaya gare ni, kuma tana kaina, na ɗage ta sama kamar hular kwano, saboda ina riƙe da waya zan ɗauki bidiyon da zan tura wa Yaya. Na tsayar da yaron daidai saitin itacen don hoton ya fito da kyau. Na ce, "Bismillah, kunna."

Injin ya ɗauki wani irin gurnani da ban taɓa ji ba, teburinsa yana rawa, gwangwanin sukurori yana tafiya da kansa. Yaron ya kara cizal. Ƙarar da ta biyo baya har masu gadin layi sun ji, sun ce sun zaci tayar mota ce ta fashe. Itacen ya rabe biyu. Rabi ya daki silin ya faɗo, rabi ya wuce ta gefen kunnen yaron ya fasa gilashin taga ya sauka a tsakar gida, kusa da inda maiɗakina ke shanya. Ƙotar cizal ta dawo ta bugi haɓarsa, leɓensa ya fashe, jini ya sauko a gaban rigarsa.

Ga abin da na fi jin kunyar rubutawa. Kalmar farko da ta fito daga bakina ba sannu ba ce. Cewa na yi, "Kai wane irin sakarai ne! Ban ce ka riƙe da kyau ba?" Shi kuma, hannunsa a kan baki, jini yana bin yatsunsa, ya ce, "Yi haƙuri, Kawu."

Na kai shi wani asibiti kusa da mu aka yi masa ɗinki biyu. A hanya ina ta yi masa bayanin kuskurensa dalla-dalla, yadda ya tura ƙarfen da gaggawa, yadda yaran yanzu ba sa sauraro. Yana gyaɗa kai. Na yi wa maiɗakina wannan bayanin, ta dube ni ba ta ce komai ba, ta ci gaba da tsince gilashi. Har Magariba ina nan a kan cewa ni aka ɓata wa itace.

Bayan Isha'i na shiga garejin don in ga ko injin ya samu matsala. Na ɗaga murfin, na haska da fitilar waya. Bel yana matakin sama, inda na bar shi jiya.

Na daɗe a tsaye da murfin a hannuna. Abin mamaki, zuciyata ba ta miƙa wuya nan take ba. Ta fara neman wanda za ta ɗora wa: ko yaron ne ya taɓa? Bai ma san murfin yana buɗewa ba, ban taɓa nuna masa ba. Ko bel ɗin ne ya zame? Bel ba ya hawa tudu da kansa. Na ɗaga kai sai ga rubutuna na alli a bango, da hannuna, 6,000 zuwa 9,000. Na yi lissafin a tsaye, tunda shi kaɗai na iya a duniya. Inci 12, wato juyi 500 zuwa 750, kuma ƙasa da haka ma tunda itacen bai daidaita ba tukuna. Ni na ba shi 2,000. Gefen guntun nan yana tafiyar kilomita 115 a awa ɗaya, gudun motar da ta samu titin Kubwa babu cunkoso. Ƙarfin da ke neman yaga itace kuwa ba ya bin gudu ɗaya bayan ɗaya. In ka ninka gudu sau huɗu, shi sau 16 yake ninkuwa. Duk wannan na ɗora a kan tsagun da na rufe da gam da dusa, na tsayar da ɗan mutane a gabansa da fuska a buɗe.

Sai na tuna da bidiyon. Na zauna a kan buhun dusa na kunna. Daƙiƙa 19 ne duka. Ana jin gurnanin injin, sannan wata murya ƙasa-ƙasa da ban ji ba a lokacin, ko na ji na share: "Kawu, kamar yana rawa fa." Sai muryata, cike da isa: "Haka yake yi, sa ƙarfe kawai." Na maimaita wurin ya fi sau goma. Yaron da ko awa ɗaya bai yi a sana'ar ba ya ga abin da ke faruwa, ya faɗa, cikin ladabi. Jikinsa ma a bidiyon yana ja da baya. Biyayya ce ta mayar da shi gaba, kuma saboda wannan biyayyar uwarsa ta amince ta ba ni shi. Na tsayar da hoton daidai inda rabin itacen ke wucewa. Tsakaninsa da kunnensa bai kai tafin hannu ba. An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni yini guda na yi a kan nawa ina wa'azi.

Ranar Asabar na kwashi ɓangarorin itacen biyu da lanƙwasasshen cizal na tafi Kugbo, karon farko tun da na gudu. Baba bai tambaye ni ina na shiga ba. Ya karɓi itacen yana juyawa kamar likita da hoton ƙashi. Ya kankare gam ɗin da farce, ya dube ni. Ya ƙirga ramukan sukurori, ya auna zurfinsu da tsinke, ya sake dubana. Da ya ɗauki cizal ɗin sai ya ajiye komai.

"Da wannan ka sa shi ya taɓa akushi?"

Na ce e. Ya nuna mini wutsiyar ƙarfen, inda take shiga ƙota, siririya kamar ta ɓera. Ya ce wannan an yi shi ne don itacen da ke kwance, zarensa na bin tsawon inji, irin ƙota da ƙafar tebur. A akushi zaren a gicciye yake. Kowane juyi ɗaya, sau biyu ƙarfe yana bin gefen zare, sau biyu yana karo da kansa, faffaɗan bakin nan kuwa da kusurwoyinsa cafka yake yi. In ya cafka, ko wutsiyar ta karye ko itacen ya tashi. Cizal ɗin akushi daban ne, daga sandar ƙarfe mulmulalliya ake fitar da shi, mai zurfin kwarmi da kauri har cikin ƙota.

"Ai ba ka gaya mini ba, Baba."

"Ba ka kai wurin ba, Alhaji. Kana ƙota ta nawa ka tafi?"

A nan na gane abin da ƙota 43 ke yi. Guntu mai inci biyu, riƙe ta kai da gindi, in mai koyo ya yi kuskure iyakarta ƙarfe ya yi tsalle ya bar tabo, a jefar a ɗauko wani, malaina ba ta da tsada. Kuskuren da hannu zai yi sau ɗari kafin ya saba, gara ya yi shi a inda ba ya zubar da jini. Kuma duk ƙotar nan, kafin kowace ɗaya sai ya sa na ɗaga murfi na dubi bel, ko da shi ya saita da kansa minti biyar da suka wuce. Ni ina ganin ɓata lokaci, shi yana so abin ya bar kaina ya koma hannuna. Na tafi kafin ya koma. Ko Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin Naira 20, sai da ta ƙware a ginin tukwane da hannu tun tana yarinya kafin ta zauna gaban injin juya yumɓu a 1954, a cibiyar da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, Sulejan yanzu. Ni da wata huɗu na buɗe makaranta.

Saura abu mafi nauyi. A al'adarmu babba ba ya cika ba yaro haƙuri da baki. Sai ya sayo masa tsire, ko ya ƙara masa kuɗin mota, a wuce wurin. Na gwada tsiren. Ya ci da gefen baki saboda ɗinki, ya yi godiya, ya sake cewa in yafe masa itacen da ya ɓata. Wannan ta hana ni barci. Da safe na kira shi gareji, na ɗaga murfin, na nuna masa bel, na nuna masa lissafin bango, na kunna masa bidiyon har inda ya yi magana.

Na ce, "Kai ka yi daidai. Ni na yi kuskure, kuma na zage ka a kan laifina. Ka yafe mini."

Ya rasa inda zai sa idonsa. "Haba Kawu, ba komai wallahi."

"Da komai. Daga yau in ka ga abu yana rawa, kashe inji, ko wa ya ce ka ci gaba. Ko ni ne."

Yaya kuwa na kira ta da kaina kafin labari ya je mata ta wata hanya. Ban tura mata bidiyon ba, na dai faɗa mata abin da ke ciki. Ta yi shiru, sannan ta ce tun ina yaro haka nake, in na koyi baƙi uku sai in tara ƙanne in ce zan ba su karatu. Ban yi musu ba.

Yanzu mu biyu muke zuwa Kugbo ranar Asabar, da garkuwar fuska biyu. Baba ya ba shi guntun malaina, ni ma ya ba ni. Yaron ya yi ƙota, ya yi maburgi, ya yi sandar murza fulawa, kwanan nan ya yi 'yar taɓarya da kirya, itacen da masassaƙa suka daɗe suna zaɓa don turmi saboda taurinsa, kuma tasa ta fi tawa miƙewa. Ita ya kai wa uwarsa. A majalisa na roƙi a daina ce mini Injiniya, wasu sun daina, wasu sun mayar da shi tsokana, na kuma cancanta.

Kai da ka sayi inji, ko kake shirin saye, kuma akwai wani yaro da ke tsayawa a bakin ƙofa yana kallonka: ranar da ya ce ka koya masa, ba shi guntu mai inci biyu, ba shi garkuwar fuskar ko da ita kaɗai gare ka, ka ajiye wayar. Kafin ya taɓa makunni, sa shi ya ɗaga murfin ya faɗa maka da bakinsa a wane mataki bel yake.